Kwamfutocin shagona suna nauyi, ɗaya tana mutuwa da rana: bairos ne, ko sababbi zan saya?

Wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu da cike fom ta intanet a unguwar Gawon Nama, cikin garin Sakkwato, ya aiko da tambaya. Ya ce yana da kwamfutocin tebur guda shida, dukkansu na hannu ne, kuma tun da bazara ta kama suka fara nauyi, har ma akwai ɗaya da ke mutuwa da kanta da zarar an idar da sallar azahar. Mai gyaransa ya yi wa uku daga cikinsu fomatin, wato goge komai a sake ɗora Windows, sau biyu yana cewa bairos ne, amma ba a rufa mako guda sai matsalar ta dawo. Ga kuma intanet da ke yankewa ana tsakiyar cike wa ɗalibai fom. Yana so ya san ko lokacin sayen sababbi ne ya yi.

Assalamu alaikum ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi sababbi tukuna, kuma kada ka sake biyan ko kwabo da sunan fomatin har sai an buɗe cikin na'urorin nan an duba. A cikin bayaninka akwai kalma ɗaya da ta tona asirin ciwon, wato azahar. Bairos bai san safe ba, bai san rana ba, kuma ba ya jiran watan Maris kafin ya fara aiki. Abin da ke bin agogo da kalanda irin haka a garin nan zafi ne. Fomatin kuwa ba ya taɓa komai sai manhajar da ke rubuce a kan faifai, saboda haka idan ciwon yana jikin ƙarfe ne, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Bari in fara da wadda ke mutuwa, domin labarinta ya fi sauƙin ganewa. A tsakiyar kowace kwamfuta akwai furosesa, wani ɗan guntun silikon da bai fi farcen babban yatsa faɗi ba, wanda ke ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai masu buɗewa da rufewa ba ƙaƙƙautawa. Kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa, kuma furosesan kwamfutar ofis irin naka yakan fitar da zafin da ya kai wat 65 idan aiki ya yi masa yawa. Wannan zafi hanya ɗaya tak yake da ita ta fita: daga furosesa ya ratsa wani ɗan man shafawa mai launin toka, ya shiga wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, sannan fanka ta hura shi zuwa cikin iskar ɗaki. Abin lura a nan shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin kawai take turawa. Littafin yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP ya nuna cewa an ƙera su ne domin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano wanda mutane suka cika, ga injin hoto na aiki a gefe. Tun kafin a ce wani abu ya lalace, na'urar tana aiki ne a wajen iyakar da aka tsara mata.

Masu ƙera furosesa sun san da haka, shi ya sa suka sanya masa ma'aunin zafi a cikinsa. Idan ya doshi iyakarsa, wadda a yawancin na Intel take kusa da digiri 100, sai ya rage saurin kansa domin ya huce, wannan ne nauyin da kake gani da rana. Idan ragewar ba ta wadatar ba, sai ya yanke wuta gaba ɗaya ba tare da sallama ba. Ma'ana, kwamfutar da ke mutuwa bayan azahar kare kanta take yi daga ƙonewa, kuma duk wanda ya sake kunna ta nan take ba tare da ta huce ba, rage mata kwana yake yi.

To, me ya sa bara ba ta yi haka ba, ko ta yi amma bai kai na bana ba? Amsar tana cikin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fankar kwamfuta takan yini tana zuƙar hazo, ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama tana taruwa a tsakanin haƙoran ƙarfen. A lokacin ba ka jin komai, domin gari da sanyi. Sai bazara ta shigo ne bashin hunturu yake fitowa. Na taɓa buɗe wata kwamfuta a wani ofis a Arkilla, wadda aka riga aka yanke shawarar sayar da ita ga masu gwangwan. Da na cire fanka, sai na tarar da ƙura ta dunƙule da gashi da zare ta zama kamar ƙyallen bargo, na kama gefenta da yatsa biyu na ɗago ta ɗungurungum ba ta karye ba. Man shafawar da ke ƙasa kuwa ya bushe ya tsattsage kamar lakar bakin gulbi a watan Afrilu. Aikin rabin awa ne ya dawo da ita, kuma ba a taɓa Windows ɗin da ke kanta ba.

Kafin a kwance komai, ka sa a auna. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta, irin su Core Temp da HWMonitor, masu nuna zafin furosesa. Ka duba da ƙarfe tara na safe, ka sake dubawa da ƙarfe biyu na rana. Idan kana buga takarda kawai amma kana ganin digiri 85 ko 90, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Wajen sharewa, a cire wayar wuta daga bango, a fitar da na'urar waje, a yi amfani da bulowa, wato injin hura iska, kuma a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Wanda zai sa hannu a ciki ya fara taɓa ƙarfen akwatin, domin tartsatsin nan da ke cizon mutum idan ya taɓa ƙofar mota a lokacin rani ya isa ya kashe wani ɓangare na babban allon da sassan kwamfuta suke manne a kai. A goge tsohon man da sifirit, a ɗiga sabo kamar girman ƙwayar masara, ba a lafta ba. Na ga masu sa man goge baki a madadinsa saboda araha, kwana kaɗan yake bushewa ya bar furosesa cikin halin da ya fi na da muni. Sannan ka ɗaga akwatunan daga ƙasa, ka matsar da su daga jikin bango ko da taƙi ɗaya ne, kuma idan kana lulluɓe su da zane saboda ƙura, kada a kunna sai an yaye. Akwatin rarraba wuta da ke ciki shi kaɗai ne ban yarda a buɗe ba, domin yakan riƙe wuta ko bayan an cire waya, a hura shi ta waje kawai.

Tunda an zo kan wuta, ita ce abokiyar zafi wajen ɓarna. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, akwatin da na ambata kuma shi ke mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki suke amfani da su. Idan wuta ta zo rabi, ko aka juya zuwa janareta kwamfutoci suna kunne, wannan akwati ne ke shan duka, kuma idan ya gaji yakan kashe na'ura kwatsam kamar yadda zafi ke yi. Idan an share wadda ke mutuwa, zafinta ya sauka, amma ba ta daina ba, a musanya mata akwatin wuta da na wata mai lafiya a gani. A kuma duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban allo: mai lafiya kansa a shafe yake, wanda ya mutu kuwa kansa ya kumbura, wani lokaci har da tsatsa-tsatsa a baki. Game da UPS, wato akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, batirin da ke cikinsa ba ya shiri da zafi ko kaɗan, har masana batir suna da ƙiyasin cewa kowane ƙarin kusan digiri 10 a kan digiri 25 yana raba rayuwarsa biyu. Saboda haka UPS da yawa a shagunanmu suna nan ne kawai don ado. Ka gwada naka: kwamfuta tana kunne ba tare da wani aiki mai muhimmanci a buɗe ba, ka kashe soket ɗin bango, ka ga ko za ta tsaya. Kuma kada a haɗa firinta mai hoda a jikin UPS, domin abin gasa takarda da ke cikinta yana jan wuta mai yawa a lokaci guda.

Yanzu sai ukun da aka yi wa fomatin suka warke na kwana biyu. Waɗannan ina zargin faifan ajiyarsu. Ka ɗauki kwamfuta kamar shagonka: furosesa shi ne yaron shago, RAM ita ce kantar da yake shimfiɗa aikin da ke hannunsa, faifan ajiya kuma shi ne siton da ke baya. Duk abin da babu a kan kanta sai yaro ya tashi ya je sito ya ɗauko. Tsohon faifai, irin wanda ke zuwa a cikin kwamfutocin da aka saya na hannu, farantai ne masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a samansu tana karatu. Abu ne mai motsi, saboda haka yana tsufa kamar kowane inji, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: na'urorin nan sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo ta Legas su iso gare ka. Idan wasu wurare a kan farantin suka fara lalacewa, allura takan yi ta maimaita karatu a wuri ɗaya, komai kuma sai ya tsaya yana jiranta. Sabon Windows da aka ɗora ba shi da nauyi a kwanakin farko, shi ya sa ake ganin kamar an yi magani, amma da an cika shi da manhajoji da takardu sai a koma gidan jiya.

Wannan ma ana iya auna shi. Ka danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, Task Manager, tagar da ke nuna nauyin da ke kan kowane sashe na kwamfuta, zai buɗe. Idan layin faifai ya maƙale a kashi 100 alhali ba wani aikin kirki kake yi ba, faifan ne ke riƙe tafiyar. Sannan manhajar CrystalDiskInfo za ta karanto maka rahoton da faifan yake ajiyewa game da lafiyar kansa: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ka kwashe kayanka yau. Za ta kuma nuna maka awoyin da ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna awa 30,000 ya yi fiye da shekara uku yana juyawa dare da rana. Maganinsa SSD ne, sabon nau'in faifan ajiya wanda ba shi da abu mai motsi ko ɗaya. Tsohon faifai yakan karanta kimanin megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa ya kai 500, amma babban bambancin yana wajen nemo ƙananan fayiloli da suka warwatsu, inda allura ke ɓata lokaci tana kai da kawowa. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa nan take kamar na SSD, kuma mai gigabait 256 ya ishi aikin shago irin naka. RAM kuwa maganarta gajera ce: gigabait 4 ya yi kaɗan ga mai buɗe shafuka da yawa a Chrome, ka kai su 8 idan Task Manager ya nuna tana cika.

Ba ina nufin manhaja ba ta da nata laifin ba. Manhajar gudanarwa, wato Windows a wurinka, ita ce ke raba lokacin furosesa tsakanin ayyuka, ta ba kowace manhaja gurbinta a RAM, ta kuma yi tafinta tsakaninka da firinta da sauran kayan aiki. Kamar kowane babban gini, ana ta gano tsaga a jikinta, kamfanin Microsoft kuma yana aiko da faci. Ya daina aiko wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. Na'urar ba za ta daina kunnuwa ba, amma duk tsagar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe masu yawa, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, alhali facin ramin da ya bi ya fito tun watan Maris na shekarar. Kai da kake riƙe da lambobin shaidar ɗan ƙasa da hotuna da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, wannan amana ce a wuyanka.

Windows 11, wanda ya gaji Windows 10, yana buƙatar furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A nan ne 'yan kasuwa ke yi wa mutane rufa-rufa, su ce maka “ai i5 ce” su yi shiru. Lambar da ke bin sunan furosesan ita ce magana: i5-4570 zubi na 4 ne, na shekarar 2013, i5-8500 kuwa zubi na 8 ne, na 2018. Idan naka ba su kai ba, waɗanda aikinsu bai wuce shiga intanet da cike fom ba za su iya ɗaukar wata manhajar gudanarwa a madadin Windows, irin Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne kuma ana ci gaba da aiko musu da faci, sai dai CorelDRAW ba ya aiki a kansu kai tsaye, kuma sai ka gwada firintarka da na'urar ɗaukar zanen yatsa tukuna. Bairos na gaske a shaguna irin naka yawanci ta filashin kwastomomi da manhajojin sata yake shigowa, alamarsa kuma daban ce: folda ta ɓace, wasu gumaka masu ɗan kibiya su maye gurbinta. Mai tsaron bairos da ya zo tare da Windows ya wadatar idan ana barinsa ya sabunta kansa. Ɗora masu tsaro biyu ko uku a na'ura ɗaya nauyi kawai yake ƙarawa.

Saura intanet. Kalmar “babu netwok” tana rufe abubuwa da yawa, domin saƙonka doguwar tafiya yake yi: daga kwamfuta zuwa rauta, wato akwatin da ke raba wa kwamfutoci intanet, daga rauta zuwa turken sadarwa, daga nan ta wayoyin gilashi da aka binne a gefen tituna har Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022 suke sauka. Aikin mai gyara shi ne ya gano inda igiyar ta tsinke, kuma umarni uku sun isa. Ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig. Idan adireshin kwamfutarka ya fara da 169.254, ba ta samu adireshi daga rauta ba ke nan, matsalar tana cikin shagonka, wataƙila waya ce ko rautar kanta. Idan ya fara da 192.168, sai ka rubuta ping tare da adireshin rautar da ya bayyana a wurin a layin Default Gateway, ka ga ko za ta amsa. Idan ta amsa, ka rubuta ping 8.8.8.8, wanda adireshin wata na'urar Google ne. Rashin amsa a nan yana nufin daga rauta zuwa waje ne abin ya tsaya, wato sabis ko data. Idan kuwa ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, to mai fassara sunaye zuwa lambobi ne, wanda ake kira DNS, ya samu cikas, kana iya mayar da shi 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Idan komai yana buɗewa sai shafin fom ɗin kaɗai, nauyin yana can wurin masu shafin, kamar yadda akan gani idan ranar rufewa ta matso kowa ya yi caa a kansa. Akwai kuma ranakun da babu abin da kowa a Sakkwato zai iya yi, irin 14 ga Maris na 2024, da wayoyin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka yini cikin wahala.

Abin da ke hannunka shi ne cikin shago. Rauta ma kwamfuta ce ƙarama, kuma an saba ajiye ta a bakin taga domin neman sabis, inda rana ke gasa ta har ta riƙa sake kunna kanta. Ka taɓa bayanta da rana ka ji, ka nema mata wuri mai tsayi da inuwa. Kwamfutocin tebur shida a ɗaki ɗaya ba su da dalilin dogara da Wi-Fi, ka sayi ƙaramin akwatin rarraba layi mai baki 8 ka ja wa kowace waya, wayar Cat6 tana kai mita 100 ba tare da matsala ba. Ka kuma sani cewa idan dukkansu suka tashi sauke facin Windows a lokaci guda, za su cinye layin su bar ɗalibi yana kallon allo, saboda haka a ware musu lokacin da kasuwa ta lafa, amma kada a kashe sabuntawar gaba ɗaya. Wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane shi ne batirin agogo, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, shafuka masu tsaro kuma su ƙi buɗewa, sai a ɗora wa sabis laifi.

Wadda za ka haƙura da ita kawai ita ce wadda babban allonta ya kumbura a wurare da yawa, ko wadda kuɗin gyaranta ya doshi rabin kuɗin wata ta hannu mai zubi na 8. Sauran kuwa, kafin kowa ya sa musu sukundireba, ka kwafe furojet ɗin ɗalibai da takardun kwastomomi zuwa faifan waje, musamman daga duk wadda CrystalDiskInfo ta nuna wa rawaya, domin faifan da ya fara ciwo yana iya cikawa a hannun mai gyara. Bayan haka ka rubuto mini abu uku game da kowace ɗaya daga cikin shidan: cikakkiyar lambar furosesanta, zafinta da ƙarfe biyu na rana, da awoyin da faifanta ya yi a kunne.